Mashin ɗin da yake dawowa gida ba shi ne wanda yake fita ba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida mai albarka. Admin don girman Allah ka cire sunana da hotona kafin ka ɗora, kar ka bar ko harafi ɗaya, wannan magana idan ta fita da sunana ran mutum ne a ciki. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba, ga ni da yawan surutu, sai kun daure kun karanta har ƙasa.

Ni matar aure ce a nan Gusau, 'yar ƙauye ce daga wajen Wanke aure ya kawo ni gari. Ina da 'ya'ya mata, ina 'yar sana'ata ta awara a cikin gida, ba na zuwa ko'ina sai biki ko asibiti. To wanda yake zaune a gida kullum kunnensa ne idonsa. Duk layinmu babu wanda ban san tafiyarsa ba, na san jan takalmin liman, na san tarin mai kayan miya, mashin kuwa ko daga bakin titi ya karyo zan faɗa muku na wane ne. Maƙwabtana har tsokanata suke yi, wai in an sace mashin ba sai an je ofishin 'yan sanda ba a zo wajena. Da abin dariya ne. Yanzu wallahi da ana cire kunne a ajiye da na cire nawa.

Maigidana yana da shagon kayan masarufi a kasuwa. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, mahaifiyata ta yi jinya a gidan nan shi yake ɗaukarta ya kai ta asibiti ya dawo da ita. Ina faɗin wannan ne don kar wani ya fara zaginsa tun bai ji ƙarshe ba. Aibinsa ɗaya son mashin. Ranar Juma'a sai ya wanke mashin ya goge shi tas sannan ya tuna shi ma yana da jiki. Baƙin mai ba ya wuce lokacinsa, fulogi da kansa yake cirewa ya hura ya mayar, buroshin haƙorinsa da ya tsufa ma sarƙa yake gogewa da shi. Ni ce na ɗinka masa rigar sit da ragowar atamfata. In na ji shi ya karyo kwanar masallaci nake ɗora ruwan wanka, kafin ya jingine ya yi zafi.

Bara bayan ƙaramar salla ya ce mini ya shiga wata ƙungiya ta masu yawon buɗe ido a mashin. Wai ran Lahadi su haɗu su je su ga gari, yau Bungudu, gobe gindin dutsen Kwatarkwashi, wani lokaci har Tsafe su ci tsire su dawo. Na ce Malam a wannan hali da ake ciki kowa yana neman ya shige gida kai kuma yawo? Ya ce kwalta kawai suke bi kuma da rana tsaka, in mutum ya biye wa tsoro ko kasuwa ba zai fita ba. Da farko yana nuna mini hotuna, ga su nan sun jera mashina suna dariya da hular kwano a ka, har na ji daɗi na ce bawan Allah ya samu abin da zai huta da shi. Shugaban nasu ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani daga zaure, yana magana ƙasa-ƙasa yana dariya ta hanci. Abin da ya fara tsaya mini a rai, mutumin nan ba ya zuwa ƙofar gidanmu da mashin a kunne, tun daga kwana yake kashewa ya turo, ina jin ƙarar sarƙa da takunsa. Na tambayi maigidan, ya ce ladabi ne, ba ya son ya dami mutane.

Sai aka fara gyare-gyare. Aka cire tanki aka sa babba, wai don kar mai ya yanke musu a hanya. Aka sa taya mai manyan haƙora, wai damina. Aka ƙara tsawon sit har sai da na ƙara wa rigar ƙyalle, wai don kaya. Aka canza salansa, mashin da yake da murya kamar namiji ya koma yana raɗa. Kowanne in na tambaya yana da amsa, kuma amsar tana shiga hankali. Sai wata rana maƙwabciyata ta shigo sayen awara ta wuce ta zaure, ta ce Maman yara wanga sit ai na mutum ukku ne. Ta yi dariya na yi dariya, amma bayan ta fita sai da na zauna. Duk ɗan Zamfara ya san su wa suke hawa uku-uku, kuma su wa suke son tankin da ba ya ƙarewa da mashin da ba a jinsa sai ya iso. Na yi istigfari na ce shaiɗan ne.

A hankali kunnena ya saba da sabuwar muryar. To wata Lahadi da la'asar sai na ji mashin ya tsaya a ƙofa, ban ko motsa ba don na san ba namu ba ne, wannan yana kaɗa ƙarfe a ciki kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Sai ga maigida ya yi sallama. Na leƙa zaure, tankinmu ne, sit ɗinmu ne da atamfata a kai, har ɗan carbin da yake rataye a hannu yana nan. Na ce Malam mi ya samu mashin? Ya ce hanya ce ta gajiyar da shi. Ya rufe ƙofar zaure ya yi kwanaki yana kwance-kwance da kansa, bai kai wa makanikensa ba, kuma da ko iska ce ta ragu can yake zuwa su yi ta hira. Mashin ya warke sumul. Lahadi ya fita da shi lafiya lau, ya dawo da wani ciwon daban, wannan karon ba tsakuwa ba, wani huci yake kamar mai asma. Ya sake gyarawa, ya sake fita, ya sake dawowa da wata muryar. 'Yan uwa ciwo yana canzawa amma murya ba ta canzawa, yarinyata ko mura take yi na san ita ce ke kuka. Waɗannan ba mashin ɗaya ba ne. Riga ɗaya ce ake sa wa mutane daban-daban. Ga shi hotuna sun daina zuwa, ga ƙarangiya a ƙafar wandonsa in zan wanke, ni dai ban san ƙarangiya tana tsirowa a kan kwalta ba.

Da na kasa haƙuri na same shi bayan ya ci abinci, na faɗa masa a hankali abin da kunnena yake ji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yanzu kuma na zama injiniya. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce a ƙungiyarsu shi ne mai hannun gyara, in na wani ya sami matsala a hanya sai su yi musanya ya kawo gida ya duba. Na ce to in musanya ce don mi ake cire tankinka da sit ɗinka a ɗora wa na wani, ba sai ka hawo nasa yadda yake ba? Nan ransa ya ɓaci, ya ce zaman gida ya sa ina ƙirƙirar magana, in bar shi ya ji da abin da ya dame shi, kuma in na kuskura na yi wannan zancen da matan layi to ni na san abin da na jawo mana. Bai taɓa yi mini magana da irin wannan murya ba. Kuma ba faɗa na ji a cikinta ba, tsoro na ji. Washegari ya kawo mini tsire ya zauna yana ta jan yara da wasa.

Na yi ta nema masa uzuri. Na ce ƙila gaskiyarsa ce. Na ce ƙila wani taimako yake yi a ɓoye, don muna ji ana cewa wasu in an kama musu ɗan uwa har mashin ake cewa su kai, ƙila shi yake gyara wa bayin Allah. Na ce ƙila tilasta shi aka yi, wancan mai dariya ta hanci ya riƙe shi da wani abu. Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto muku ba.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a can ƙauyenmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Shekarar da ta wuce yana dawowa daga cin kasuwa ta wajen 'Yankuzo mutanen daji suka tare shi, suka karɓe mashin ɗinsa, suka yi masa dukan da har yau ƙafarsa ɗaya ja yake. Mashin ɗin nan na san shi kamar yadda na san muryar Yaya, shekaru yana kawo mini gero da wake a kansa. In zai tsaya sai ya yi shaƙuwa, sannan ya saki wani siririn fito kamar butar shayi. Makanikai sun yi iya yinsu abin bai tafi ba, har Yaya ya ce a bar masa, sallamarsa ce.

Lahadin nan da ta wuce ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji shaƙuwar nan, sai fito. Wallahi ban yi tunani ba, na manta an ma sace shi, na watsar da rariya na ruga zaure ko mayafi babu, ina cewa oyoyo Yaya, sannu da hanya. Ina ɗaga labule sai ga maigidana a kai yana cire hular kwano. Ya ce wane Yaya? Ni dai ido kawai na zuba wa injin. Ya bi inda nake kallo, ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauya kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ranar tuwonsa haka ya kwana a rufe. Da safe ba tare da na tambaya ba ya ce mini inji ne na hannu, a wajen masu tsofaffin kaya wani ɗan ƙungiyarsu ya saya, kuma mashina masu fito sun fi dubu a ƙasar nan. Ƙila haka ne, ana sayar da kayan sata a kasuwa wanda ya saya bai sani ba. Amma ni ban ce masa fito na ji ba. Ban faɗa masa komai ba.

Yanzu ga inda nake. Tun abin da ya same shi Yaya ya shiga 'yan sa-kai na yankinsu, kuma ya ce zai shigo Gusau ran Juma'a ya duba mu. Mashin yana nan a zaure, maigida ya kwance shi yana jiran wani ƙarfe da bai samu ba, ba zai tashi ba kafin Juma'a, kuma duk mai shiga gidanmu ta zaure yake bi. Yaya ba sai ya ji ƙara ba, da hannunsa ya sha ɗaure injin nan, ya san kowane tabo. Jiya maigida ya tambaye ni wai Yaya da safe zai zo ko da yamma. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa tambayar lokacin zuwan Yaya ba, murna kawai yake ya sayo nama.

Kun san in aka kira mutum infoma a garin nan ba a tsayawa jin ta bakinsa. In na buɗe baki ga Yaya alhali mijina bai san komai ba, na kashe uban 'ya'yana da kunnena, a kan shaƙuwar inji. In kuma na yi shiru alhali da hannunsa a ciki, to a zaurena ake gyara abin da za a hau a je a tare wani yayan, ni kuma ina dafa wa mai gyaran abinci. Na yi tunanin in je wajen mahaifinsa, dattijo ne mai hawan jini, kuma in ya sani matarsa ta sani, in ta sani unguwa ta sani. Na yi tunanin hukuma, ban san wa zan faɗa wa maganar ta tsaya a wajensa ba.

Don Allah masu mashin da makanikai na wannan gida ku fara faɗa mini gaskiya, ana samun inji biyu masu irin wannan shaƙuwa da fito iri ɗaya? Kuma da gaske masu yawon mashin suna musanyar tanki da sit a hanya, ko ni ake mayarwa yarinya? Iyayena mata, in kulle ƙofa in sa shi ya dafa Alƙur'ani, ko hakan zai sa ya sanar da wancan mutumin cewa na gane? Malamai, shirun da na yi zuwa yanzu akwai alhaki a kaina?

Kar ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi, goshina ya shaida. Anjima Yaya zai kira ni ya ji ko akwai abin da nake so ya taho mini da shi daga gida. In ce masa ya zo, ko in ce yara ba su da lafiya ya bari sai wani satin?