A Aujara An Ɗauka Aljanu Sun Sace Ni

Hajiya Zaituna, don Allah ki taimake ni, na jefa kaina cikin abin kunya. Shekarata tara rabona da gida, tun shekarar da aka ba mu Jigawa. Dutsen da ake cewa ta zama birni ban taɓa ganinta haka ba. Ina Sapele, ƙofar wani kamfanin katako, ina rubuta lambar motoci. Aikin ke nan, wai ni mai sakandare.

Zaman banza ya sa na fara rubuta labari: wani yaro ɗan shekara sha biyar, ba jarumi ba, ko lissafi bai iya ba, ya je kiwon awaki wani jirgi mai kama da faifai ya sure shi zuwa wata duniya. Can ruwan sama ba ya ɗaukewa, babu gero, kuma ba mai amsa sallama. Da bakin yaron na rubuta, "ni" daga farko har ƙarshe.

Na ba wani direba, Arzika, littafi na farko ya kai wa ƙanena a unguwar Limawa cikin Dutse a buga min da tafireta. Bai same shi ba, sai ya yi min kirki ya wuce da shi Aujara wajen Inna. A gidanmu kuwa duk takardar da ta zo daga kudu, Malam Maharazu ake kira ya karanta a zaure, maƙwabta na ji. Kwana uku yana karantawa. Ban ga laifinsa ba, ban sa sunan labari a bangon littafin ba.

Yanzu garin ya yarda aljanu sun tafi da ni. An yi saukar Alƙur'ani. Arzika ya dawo min da galan na rubutu, ya ce Inna ta daina cin abinci sosai. Na aika cewa lafiyata ƙalau, aka ce ai haka masu iska kan ce.

In na je, dole in faɗi abin da na tara a shekara tara. Ga shi: katifa ɗaya, rediyo, littattafan rubutu goma sha ɗaya.

Naki,
Ɗan Aujara a Sapele

Ɗan Aujara, na yi dariya, sannan na daina da na zo kan Inna.

Rubuta labari ba laifi ba ne, kuma wanda ya riƙe zaure kwana uku ya iya. Su ma mutanenku ba wauta suka yi ba. Wanda ya shekara tara bai leƙo ba, sannan takarda ta zo tana cewa yana wata duniya, me kake so su ɗauka? Ni ma da na karanta siffar duniyar, Sapele na gani.

Kada ka ƙara aika saƙo, ba zai yi aiki ba. Nemi hutun mako biyu cikin watan nan. Kunyar hannu wofi gaskiya ce, za a yi maganarka, wasu ma har gabanka. Wannan za ka iya ɗauka. Tsohuwar da ba ta cin abinci ba za ta jira ka yi arziki ba.

Ka sauka da rana tsaka, ranar kasuwa, kowa ya gan ka da ƙafafunka. Ka zauna ka ci tuwo a gabanta har sai ta sa hannu. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka same ta da ƙarfinta.