Baba ba ya cin kuɗin soja

Hajiya Rahina, assalamu alaikum. Ki taimake ni don girman Allah, kaina ya ƙulle. Ki sakaya sunana, don duk wanda ke sallar Juma'a a masallacin Mount Hope ya san mahaifina.

Ni mutumin Maraɗi ne. Na zo New York ina saurayi, na tarar Baba yana da tebur a bakin titin 125th, yana sayar da huluna da jakunkuna da turare. Na tsaya a bayansa ina koyon ciniki har shekarar da aka tashe mu daga wurin, kasuwa ta mutu mana. Da yake ina da takardu, sai na shiga sojan Amurka. Baba bai hana ba a lokacin, ya ce dai Allah ya tsare. Abin ya lalace ne da aka tura mu Iraƙi. Na kira shi in yi masa sallama, ya saurara har na gama, ya ajiye waya. Da na zo hutu na miƙa masa kuɗi, ya ture da bayan hannu, ya ce ba zai sa wa cikinsa abin da aka samo da kaki a ƙasar Musulmi ba. Hajiya, ni direban babbar mota ne a soja, ruwa da abinci nake kaiwa. Na faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Ya ce mai riƙe ƙafa ma da shi aka yi yanka.

Na yi shekara ashirin na yi ritaya, ana biya na fansho duk wata. Daga nan na samu aiki a gidan waya, yanzu shekara goma ke nan. Da Inna ta rasu, Baba ya dawo gidana. Tun ranar muke da asusu biyu: albashin gidan waya shi ne na tukunya da maganin Baba, fanshon soja kuma na haya da sauran hidima, ita ma hayar ban taɓa faɗa masa da wane kuɗi nake biyanta ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Amma abinci, kafin ya sa hannu sai ya ɗaga kai ya tambayi matata Aminatou da wane kuɗi aka yi cefane. Kullum ne. Yarana sun haddace tambayar, da can suna kwaikwayonsa da Turanci suna dariya, yanzu sun girma sun daina. Akwai ranar da ta manta ta biya kuɗin maganinsa da katin asusun fanshon soja, ta kuma kasa yi masa ƙarya. Haka maganin ya zauna a kan tebur har aka sayo wani.

Yanzu jiki ya ƙi. Ƙafafu sun kumbura, ba ya iya tashi shi kaɗai. Mun gwada kawo mai kula da shi, ya juya wa bango fuska. Ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai ni. Idan lif ɗin gidanmu ya lalace, kuma yana yawan lalacewa, ni nake goya shi in hau da shi bene in mun dawo daga asibiti, yana riƙe da wuyana kamar yaro. Ina fita aiki da asuba, in bar shi yana jira na da alwala ma. Ya kamata in ajiye aikin nan in zauna da shi.

To ga inda matsalar take. Idan na ajiye aiki, albashi ya tsaya, fanshon gidan waya kuma ɗan kaɗan ne. Abin da zai riƙe gida shi ne kuɗin soja, wanda Baba ba ya ci. A wurin aiki an yi mini bayani cewa zan iya zuba shekarun sojan cikin fanshon gidan waya: in biya wani kaso, in sa hannu na yafe fanshon soja daga ranar da na ajiye aiki, shekarun su haɗu su zama talatin, in yi cikakkiyar ritaya bana. Daga nan kuɗi ɗaya ne zai riƙa shigowa, da sunan aikin farar hula. In Baba ya tambaya, sai a ce masa na gidan waya ne.

Abokina Kwasi, wanda muka yi soja tare, ya zauna ya yi mini lissafi, ya ce abin da zan riƙa karɓa zai ragu, kuma in na sa hannu babu komawa baya. Ya ce na haukace. Aminatou ba ta ce komai ba, amma na san tana tunanin abin da zai rage mata in na riga ta tafiya, kuma tana da gaskiya. Ni kuma akwai abin da ke cina wanda ba na kuɗi ba. Na bar lafiyar gwiwata a can, na bar abokai da ba su dawo ba. In na sa hannun nan, ji nake kamar na yarda cewa shekarun nan abin kunya ne da ya kamata a canza musu suna. Sannan ba yaudarar tsoho ba ce? Kuɗin dai su ne, riga kawai suka sake.

Makon jiya Baba ya kira ni, ya ce ya ba amininsa Malam Abdulmumini ajiyar kuɗin likkafaninsa, daga abin da ya tara tun zamanin tebur, don kada a yi kuskure a saya da nawa. Ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba. Na fita na zauna a matattakala na yi kuka, ni da furfurata. Hajiya, in haɗa fanshon ko in bar shi?

Ɗan Mai Tebur, Bronx

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka, na ajiye ta, na daɗe ban iya ɗaukar alƙalami ba. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri.

Bari in fara da kuɗin, don shi ne mai sauƙi. Kada ka sa hannu da lissafin aboki, ko da mai ƙaunarka ne. Ka nemi ofishinku su ba ka lissafi biyu a rubuce: abin da za ka samu in ka haɗa, da abin da za ka samu in ka bar su daban. Ka tambaya ƙarara me zai faru da rabon Aminatou bayan ranka, da inshorar lafiyarku, da duk abin da ake biyanka saboda gwiwar. Ka kai takardun wurin mai ba da shawara kan fansho wanda ba shi da abin da zai sayar maka, kuma ka tafi da matarka, don shirunta ba yarda ba ne. Akwai waɗanda haɗawar ta amfane su, musamman mai son ajiye aiki da wuri kamarka. Akwai kuma da yawa masu cikakken fanshon soja da suka tarar asara ce. Kafin nan ka tambayi batun hutun jinyar iyaye, ko rage kwanakin aiki. Wataƙila ba sai ka rushe gida ba don ka gyara ƙofa.

In lissafi ya nuna haɗawa ta fi, ka haɗa da zuciya ɗaya, babu takardar da za ta goge shekarun da ka yi. Amma in don a canza wa kuɗin suna ne kawai, ban ba ka shawara ba. Mutumin da ya ajiye kuɗin likkafaninsa tun zamanin tebur ba ya cikin waɗanda ake rufe wa ido. Zai gane, kuma ranar da ya gane, tuwon Aminatou ma zai daina yarda da shi. Ka rage wa iyalinka abinci har ƙarshen rayuwa, shi kuma bai ci ba.

Ni ba malama ba ce, ba zan yi maka fatawa kan fanshon ba. Amma Malam Abdulmumini da ya amince wa da likkafani, zai amince masa da magana. Ka je ka faɗa masa komai, har da batun haya, ku zauna da Baba ku uku. Ka gaya masa gaskiya: kana son barin aiki don ka kula da shi, kuma kuɗin sojan ne za su riƙe gidan. Ka bar shi ya zaɓa da saninsa. Yana iya ƙi. In ya ƙi, yaranka sun girma, cefanen kakansu ba zai gagare su ba, kai ka riƙe sauran.

Na ga kamar ba amsar fansho kake jira ba, jira kake Baba ya ce maka sannu da dawowa. Wataƙila ba zai taɓa faɗa da baki ba, tsofaffinmu haka suke, kuma wannan ciwo ne da ba zan ce maka ba ciwo ba ne. Amma sake karanta abin da ka rubuto mini. Ya tambayi asalin shinkafa, ya tambayi asalin magani. Gadon bayanka da yake hawa ku hau bene, shi ne bayan da ya ɗauki jakar soja shekara ashirin, kuma Baba ya san haka. Bai taɓa cewa a sauke shi ba.

Allah ya sa ku rabu lafiya, ya ba ka ladan goyon nan.

Hajiya Rahina