Kujerunmu a Ƙofar Kingfisher

West End, Brisbane

Zuwa ga ƙanena Cedric,

Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa mai kewar ɗan'uwanta, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da matarka Glenys da yara da jikoki. Allah Ya ƙara maka sauƙin ƙirjin nan, Ya sa zafin Broome bai matsa maka ba bana. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magana. Ɗana Darryl ya samu aiki a jirgin fito na kogi, 'yarsa kuma ta fara tafiya, duk abin da hannunta ya kai sai ya sauko ƙasa. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya, ni da jemagu muke rabawa.

Takardar Glenys ta iso. Ta ce labari ya kai muku cewa ina yawo da sunan mashaya a baki da tsufana, kuma ranka bai so ba. Ta tuna mini cewa giya ta kusa kai ka kabari, ta roƙe ni kada in sa sunanka a wannan magana. Ban ji haushinta ba, amma gara ka ji yadda abin ya faru daga bakina.

Ƙungiyar masu tarihin unguwa ce ta kira taro a zauren laburare, wai za a tuna da tsofaffin mashayun da aka rufe ko aka rushe, a kafa wa kowace allon tagulla a inda take a da. Ƙawata Dulcie ce ta ja ni, don ta ji za a raba shayi da kek. Suka yi ta haska hotuna a bango. Ga Drayman ta 'yan dakon tashar jirgin ruwa, ga Old Tannery da ta koma wurin motsa jiki, ga Captain Moss da aka baje aka dasa dogon bene. Tsofaffin Turawa suna dariya, wasu suna share ƙwalla. Ni ma duk na san wuraren, amma daga waje. A Drayman ɗin nan ta tagar baya ake miƙo wa Baba kofi, kusa da garewanin shara, bayan ya wuni yana sauke kaya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ke zaune a ciki. Ina ta jiran a zo kan tamu mashayar, Kingfisher. Aka kunna fitila, aka tafa, ba a ambace ta ba.

Dulcie ta ɗaga hannu ta tambaya. Shugabansu, Mista Penhale, mutum ne mai sanyin murya. Ya ce ba su samu hotonta ba, kuma wurin bai yi suna mai kyau ba, kullum faɗa da motar 'yan sanda, ga shi masu ginin da ke wurin yanzu ba sa so. Wani daga baya ya ce ai nan ne ake kwasar mutane kamar buhunan dankali. Aka yi dariya. Cedric, ban san lokacin da gwiwar tawa ta miƙe ba.

Na gaya musu cewa an yi faɗa, an sha giya, kuma na fi su sanin haka, don ni na bi gawarwakin da kwalba ta kwantar, har da ta mijina Wally. Amma a duk wannan tsallaken kogi, ita kaɗai ce mashayar da baƙin mutum ɗan asalin ƙasar nan irinmu zai shiga ta ƙofar gaba. Misis Stavrou mai wurin, gwauruwar nan Bagirkiya, ba ta taɓa nuna mana taga ba. Duk wanda ya sauko daga jirgin ƙasa daga sansanonin mishan da ake killace mutanenmu, duk wanda aka sallamo daga gidan marayun hukuma bai san kowa nasa ba, nan ake nuna masa. Kafin ya zauna an tambaye shi ɗan wane ne, mutanensa na wane kogi ne. Sai na ba su labarin wani saurayi, ban kuwa kama suna ba.

Kai ka san naka gefen labarin, ga nawa. Wata Juma'a ce da la'asar, na taso daga aikin wanki na biya neman Wally. Marigayi Kawu Percy ya yafito ni ya ce in zo in duba wani yaro, wai bai san komai ba sai dai sunan uwarsa Ivy, sunan Mama ke nan. Kana tsaye jikin bango cikin kwat ɗin da ta fi ka girma, hula a hannu, ko ruwa ba ka karɓa ba. Rabona da kai tun kana koyon tafiya, ranar da motar hukuma ta tsaya a ƙofarmu aka ɓamɓare yatsunka daga siket ɗina aka tafi da kai. Ina ɗaga ido na ga kunnuwan Baba a kanka. Misis Stavrou ta daina zuba wa kowa, ta ce a yi shiru, aka ruga aka kira Mama daga ɗakin hayarta. Ta taho babu takalmi. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunka na hagu ta juya, ta ga tabon ƙunar murhu, sai ta zauna a ƙasa a tsakiyar mashaya. Maza masu gemu suka juya fuska ga bango.

Da na gama ba su labarin, na koma kujerata. Bayan an tashi Mista Penhale ya same ni, ya ce zai yi ƙoƙari a yi mata allo, a sa suna da shekaru, a rubuta cewa sanannen wurin nishaɗi ne. Na dube shi na ce, "Malam, uwata ba nishaɗi ta je yi can babu takalmi ba." Na ce ko dai a rubuta cewa a nan iyayen da aka ƙwace wa 'ya'ya suke gamuwa da su, ko su riƙe tagullarsu. Ya ce masu ginin ba za su yarda da wannan ba. Na ce to mu gani.

Tun daga nan, duk Asabar da safe ni da Dulcie muke ɗaukar kujerun naɗewa da fulas ɗin shayi mu zauna a gefen titi, daidai inda ƙofar take. Yanzu mashigar motocin masu benen ce. Manajar ginin ta fito da ƙaton tabarau ta ce muna tare hanya, mu tashi ko ta kira 'yan sanda. Dulcie ta ce mata, "'Yata, kira su. A nan suka saba korarmu tun ba a haife ki ba, sai dai yanzu ƙafafun ba sa gudu, sai sun ɗauke mu da kujerun." Suka zo kuwa, suka tarar da tsofaffin mata biyu da kek, suka yi 'yan tambayoyi, suka koma motarsu. Yanzu ba mu kaɗai ba ne. Mutane na tahowa daga Inala da Ipswich, kowa da kujerarsa da nasa labarin, har jikar Misis Stavrou ta zo ta zauna da mu.

Ka gaya wa Glenys na san abin da ta sha kafin ta raba ka da kwalba, kuma har kullum ina gode mata. Ba giya nake karewa ba. Sunanka kuma ba zai fita bakina ba sai da izininka. Ƙungiyar za ta sake zama kafin Kirsimeti, ina so su ji daga bakinka, kai da aka gano a can, ko da ta waya ce. In ka ga ba za ka iya ba, ban riƙe ka a rai ba, ni dai ina can. In kuma suka ƙi, ɗan Dulcie mai walda ne, ya riga ya auna bangon gefen titi don ya ƙera mana namu allon. Ya ce in sun cire zai ƙera wani, ƙarfe ba ya ƙarewa a shagonsa.

Ka gaida Glenys da kyau, da 'yarku Lorraine da mijinta, da tagwayen da ban taɓa ɗauka ba. Darryl da iyalinsa suna gaishe ku, Dulcie ma ta ce in gaida mai kunnuwa. Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Yayarka da ba ta gaji ba,
Noeline