Farantin Injin Malam

Assalamu alaikum Sani ƙanena,

Ina kwananku, ya jikinka, ya Hadiza da yara, ya zaman Fatakwal? Ni ina nan cikin takaba, Allah na ba da haƙuri.

Ranar Talata abokan aikin maigidana na kamfanin fata a Challawa suka zo. An sayar da tsohon injin da Malam ya shekara ashirin a kansa, sai suka ciro mini ɗan farantin tagullar jikinsa mai rubutun Jamusanci. Na riƙe shi na yi ta kuka.

Yakan ce mini, "Rabi, maƙeran injin nan an ci su da yaƙi, kuɗinsu ya lalace har sai an cika kwando a sayi burodi, ba mai son zama da su. Suka koma aiki, suka yi ta neman sulhu, har maƙiyansu suka ba su kujera a taron ƙasashe." Na ce, to sun zauna lafiya? Ya ce a'a, sun sake ɓatawa, don zukata ba su huce ba.

Shi ya sa ba na so ka dawo don jin kunyata kawai. Yaya Garba ya tambaye ka sau biyu, bai ko ambaci gonar da kuka yi faɗa a kanta ba. Sadakar arba'in Juma'ar sama ce. In zuciyarka ta huce, ka zo ku zauna tabarma ɗaya. In ba ta huce ba, faɗa mini gaskiya, zan jira.

Ka sa Malam a addu'a. A gaida Hadiza da maƙwabta.

Yayarka,
Rabi