Likitar da Ta Nemi Izinina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna da yaran? Ni lafiya lau nake, sai ɗan tarin da ƙurar masaƙa ke sa kowa.

Masu bincike sun zo wurin aikinmu suna auna numfashin ma'aikata. Likitarsu ta ce ba dole, kuma maigidanmu ba zai ga sakamakon ba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Abokin ɗakina ya rantse dabara ce ta tsince marasa lafiya a sallame su.

Sai na gwada likitar. Da ta miƙo bututun hurawa na ce, "Na fasa." Ta ajiye, har da godiya.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Ƙirjinka ne. An taɓa cutar da mutane da sunan bincike, shi ya sa aka kafa mana doka."

Ban yarda da ita ba, Yaya. Tun da na zo garin nan, ba wanda ya taɓa neman izinina kan komai. Gobe zan koma in ga ko za ta sake tambaya.

Kar ki gaya wa Inna zancen tarin. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki