Gobe Ki Bi ta Ƙofar Shagon

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Auta yana zuwa makaranta kuwa?

Albishirinki! Jiya na tura wa mai shago ragowar kuɗinsa, yanzu ko sisi ba ya bin mu. Shekara uku kina zagayawa ta bayan layi don kada ku haɗa ido. To gobe ki ɗaura zanenki mai kyau, ki bi ta ƙofar shagon, ki gaishe shi a tsanake, ki karɓo keken ɗinkinki da ya riƙe jingina.

Ni lafiyata ƙalau. Ruwan wanke-wanken otal ne ya ɗan tsattsaga mini hannu, shi ya sa rubutun ya karkace. Kada ki gaya wa Baba.

Kuɗin wata mai zuwa namu ne: rabi cefane, rabi asusu. In Yaya ya zo da labarin sabuwar sana'a, ki ce makullin yana wurina.

Allah ya ƙara girma. In mai shago ya ce ki ɗauki kaya ki biya daga baya, ki yi murmushi ki ce mun ƙoshi.

Ɗanki,
Dogo