Farashin Darar Malam Salihu

Mandawari, Kano.
12 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Yayata Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Muhammad Auwal da yara. Yaya kuke fama da zafin Sakkwato? Mu nan kalau muke, sai dai idon Baba da kullum yake ƙara dishewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Garba direba alhali ga waya. Kin san gidanmu. Tun da idon Baba ya yi rauni kunnensa ya ƙaru, in na yi tari a ɗakina daga zaure yake ce min sannu. Maganar da zan yi miki kuwa ba na so ya ji.

Wasan dara na waya da ni da abokina Fa'izu mai zane muka shekara biyu muna haɗawa ya fito. Darar Malam Salihu muka sa masa suna, wato da sunan Baba. Muryar Baba ce a ciki, mun ɗauke ta a ƙarƙashin dalbejiyar Ƙofar Mazugal, inda yake zaman dara bayan la'asar tun ba a haife mu ba. Da ka buɗe wasan shi zai yi maka sallama, in ka yi kuskure ya yi wannan dariyar tasa, in ka jera uku ka ci ya ce madalla. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mana kafin ya yarda: kada sunansa ya kusanci caca. Kin san yadda ya sha musu da malaman da suke ganin bai kamata na'ibin liman ya zauna dara ba. Hujjarsa kullum ita ce shekara arba'in ko ɓarin goro ba a taɓa sawa a gurbinsa ba.

Wajen farashi ne na yi wautar farko. Ni naira dubu na so in sa. Baba, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da hula a kasuwar Kurmi, ya ce ba a fara kiran kaya da kuɗin da za a sallama, in sa dubu uku don mai saye ya samu wurin tayawa. Ni kuma mai digirin kwamfuta na gyaɗa kai na sa. Yaya, a waya ba wanda yake tayawa. Mutum zai ga dubu uku ya wuce abinsa, ba ka ma san ya zo ba balle ka ce masa dawo. Wata guda cur mutum arba'in da ɗaya suka saya, goma sha tara daga cikinsu na san gidajensu.

Kullum da safe Baba sai ya tambaye ni yaya kasuwar dararsa, in ce ana ta saye. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaida yara da kyau.
Ƙaninki,
Tajuddeen

Mandawari, Kano.
20 ga Mayu, 2025.

Yaya Halima Sadiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin 'yarki Lauratu ya sauka. Takardarki ta iso, da kilishin da kika aiko, Baba ya ci ya sa miki albarka. Kin ce in rage kuɗin kawai kowa ya huta. Ai na riga ki, kuma ban huta ba.

Na mai da shi dubu ɗaya da ɗari biyar. Kwana uku aka yi ana saye har na fara taƙama, sai abin ya tsaya cak. Labari ya kai wa Baba ta bakin Malam Abdulbaƙi, abokin dararsa, wanda ya saya a dubu uku don kara. Baba ya kira ni zaure ya ce ba a yi wa mai sayen farko haka, shi ne ya yarda da kai tun ba kowa. Ya sa na bi mutanen nan goma sha tara gida gida na mayar musu da abin da ya hau. Na yi, ina tafe ina jin kunya kamar wanda aka kama da mudun ƙwange.

Daga nan na sauko ɗari takwas, sannan ɗari biyar. Abin da ban sani ba, ashe ina koya wa mutane jira ne. A wurin da ake rubuta ra'ayi a ƙarƙashin wasan, wani ya rubuta cewa kowa ya dakata, ɗan Kano ne mai abin, zai sake saukowa. Mutum sittin suka nuna sun yarda da shi. Da sittin ɗin nan sun saya da ban rubuto miki wannan ba.

Kuma da wa nake gasa? Manyan kamfanonin waje da suke da ɗaruruwan ma'aikata sukan zabge kashi tara cikin goma na farashinsu rana guda, ba abin da ya dame su. Wasu ma kyauta suke bayarwa tun farko. Yaron da yake da wasan ƙwallo da na tseren mota ba ko sisi, me zai kai shi biyan ɗari biyar don tsinke da duwatsu? Ga shi hayar na'urar da take haɗa mutum biyu su yi dara daga nesa da dala ake biya. Nawa farashin yana sauka, na hayar yana hawa.

Fa'izu ya samu aikin zane a wani kamfanin buga takardu, ya tafi. Ban ga laifinsa ba, matarsa ta kusa haihuwa. Amma ranar da ya zo ɗaukar kwamfutarsa, bayan ya fita sai da na yi hawaye.

Baba ɗari takwas ya sani. Ranar da ya ji ma cewa ya yi dararsa ba ta kai kuɗin hular yara ba ke nan. Ban gaya masa ɗari biyar ba.

Naki,
Tajuddeen

Mandawari, Kano.
3 ga Agusta, 2025.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da damina. A gurguje nake rubutu, Garba yana jira a bakin titi.

Na mai da wasan kyauta. Na haɗa shi da wani kamfanin talla, duk wanda ya gama dara ɗaya sai a nuna masa talla, su kuma su ba ni ɗan abin da ya samu. Sun turo min dogon jerin irin tallan da zan iya hanawa, na hana na giya da na fitsara, sauran na wuce da sauri.

Yaya, cikin sati biyar mutum dubu talatin da takwas suka sauke shi! Jiya a adaidaita sahu na ji dariyar Baba tana fitowa daga wayar wani da ban taɓa gani ba, saura kaɗan in rungume shi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya isa hayar na'ura.

Baba bai san kyauta ba ce. Ya dai ji ana ta yi masa barka a masallaci, har ya ce min in gani, haƙuri ne kasuwa. Kada ki faɗa masa in kun yi waya.

Ƙaninki,
Tajuddeen

Mandawari, Kano.
17 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Yaya Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar wayarki kwana huɗu. Na san kin ga bidiyon, tunda har Sakkwato ya kai. Ba ni da bakin yi miki bayani, shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da kika gani gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Muryar Baba a cikin wasan ta ce madalla, kana da hannu, nan take tallan cacar ƙwallo ya fito yana cewa ka sa ɗari ka ci dubu goma. A ƙarƙashin rukunin da suka kira wasanni kamfanin ya jera irin waɗannan tallace-tallacen, ni kuma da na ga wasanni ban buɗe na duba ba. Ni na bar ƙofar, ba wani ba. Wani ya ɗauki abin a bidiyo ya rubuta a kai cewa ga na'ibin liman yana kiran yara caca, ya saka a waya.

A ranar na hana tallan, washegari na cire wasan daga kasuwa gaba ɗaya. Bai yi amfani ba. Tun da ya zama kyauta, masu tura wasanni da finafinai a bakin titi suka kwafe shi, wani ma ya cusa nasa tallan a ciki, daga waya zuwa waya yake yawo. Ba ni da iko da ko ɗaya.

Malam Abdulbaƙi ne ya gaya wa Baba, don kada ya ji a bakin da ba na masoyi ba. Ya kunna masa, ya karanta masa abin da ke rubuce. Na zaci Baba zai zage ni, wallahi na so ya zage ni. Tambaya biyu kawai ya yi min: tun yaushe ne kyauta, kuma ko akwai yaron da ya bi tallan ya sa kuɗinsa. Na farko na amsa. Na biyu na ce ban sani ba, ya ce to akwai ke nan.

Tun ranar bai koma Ƙofar Mazugal ba. Ya aika wa liman cewa a nemi wani na'ibin. Liman da kansa ya zo har zaure ya ce kowa ya san ba laifinsa ba ne, Baba ya ce muryarsa ce ta yi wa yaran sallama suka shigo. Yanzu a sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Abinci sai na tsaya a kansa yake taɓawa, ya rame ƙwarai.

Yau bayan azahar ya kira ni. Ya ce ya yi tunani, shekarunsa saba'in da tara, bai san sauran kwanansa ba, kuma ba zai je gaban Allah da haƙƙin 'ya'yan mutane ba. Ya ce in rubuto masa sunayen duk waɗanda suke da darar a wayarsu, da unguwanninsu, zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya nemi yafiyarsu, su da iyayensu. Na ce Baba sun fi dubu talatin da takwas. Ya ce to sai a fara da wuri, in aka yi gida goma kullum ana ragewa. Na buɗe baki in ce masa ba ni da sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka sauke shi kyauta, lamba ce kawai take hawa a fuskar kwamfuta, sai na ga ya riga ya laluba ya ciro farar rigarsa ta Juma'a ya ce a kai guga.

Yaya, ki zo. Don Allah ki zo ko na kwana biyu ne, ke yana jin maganarki. Amma kafin takardar nan ta iso miki ki taso, safiya ta wuce. Ya ce gobe ƙarfe takwas in riƙe masa hannu mu fita, na ce masa to, kuma ban san ƙofar gidan da zan kai shi ba.

Ki yafe min ke ma.
Ƙaninki,
Tajuddeen